Hukuma ko Kasuwa: Tarihin Muhawarar Manoman Kwantagora Kan Sayar da Amfanin Gona

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 1986 ne gwamnatin mulkin soja ta Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta rushe hukumomi shida na sayen amfanin gona, ta bar manomi da kasuwa su daidaita tsakaninsu. Ɗaya daga cikinsu, wato Hukumar Hatsi ta Nijeriya, a Minna hedkwatarta take, babban birnin Jihar Neja. An daɗe da rufe ofisoshinta, amma duk shekarar da kaka ta yi kyau farashi ya faɗi, sai maganarta ta sake tasowa a majalisun Kwantagora da ƙauyukan da ke kewaye. Wasu su ce da hukuma tana nan da ba a wulaƙanta manomi haka ba, wasu kuma su ce Allah ya raka taki gona.

Ni baƙo ne a wannan ƙasa, aikin koyarwa ya kawo ni daga ƙasar Katsina, kuma na daɗe ina sauraron wannan gardama kafin in lura da cewa ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba idan sun ce "hukuma". Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tarihin abin da kalmar ta ƙunsa, domin a ga inda saɓanin yake.

2.0 Zamanin mai saye ɗaya

Tsarin da gwamnati ke zama ita kaɗai ce mai sayen wani amfanin gona ya faro ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Ingila ta kafa hukumar kula da amfanin gonar Afirka ta Yamma a shekarar 1942, don tabbatar wa kanta man gyaɗa da manja da koko a kan farashin da ta yanka. Da aka ƙare yaƙi ba a janye tsarin ba. A 1949 aka kafa hukumar gyaɗa da ta auduga, kowace da kayanta, sa'an nan a 1954 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya ta Jihar Arewa.

Yadda abin ke gudana shi ne, kafin a buɗe ciniki hukuma za ta sanar da farashin shekara. Ba ita ke zuwa ƙauye da kanta ba, tana da wakilai masu lasisi, waɗanda da farko manyan kamfanonin Turawa da Kwarori ne suka fi yawa a cikinsu, daga baya attajiran gida suka ƙaru. Su kuma wakilan suna ba 'yan baranda jari, 'yan baranda su bi manoma. Auduga kuwa ba a sayar da ita ko'ina sai a fuloti, a gaban malamin da zai duba ta ya ba ta lamba, a ɗora ta a sikeli. Duk wanda ya tashi a ƙasar auduga ya ji labarin layin fuloti a bakin iyayensa, da yadda mutum kan wuni da kayansa a rana, a ƙarshe a ce masa lamba biyu ce, kuma ba shi da wani fulotin da zai kai ta a ba shi fiye da haka.

Hujjar da aka kafa tsarin a kanta ita ce kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya: a riƙe wani abu a shekarar tsada, a cika masa a shekarar araha. Sai dai riƙewar ta fi cikawar yawa nesa ba kusa ba. Tun a 1954 masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya nuna cewa rarar da hukumomin ke tarawa haraji ne a kan manomi, ko da ba a kira shi da sunansa ba. Gaskiya ne da wannan rara aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu a Arewa, kuma wanda ya yi karatu a irin waɗannan makarantu bai kamata ya yi saurin zagin hukumar ba. Amma wanda ya biya daban, wanda ya mora daban. 'Yan NEPU sun riƙe wannan batu a matsayin makamin siyasa, suna nuna wa talaka tazarar da ke tsakanin abin da aka ba shi a sikeli da abin da aka sayar da kayansa a Ingila.

Abin lura a nan shi ne, wannan doka ta mai saye ɗaya a kan kayan fitarwa waje ta hau. Dawa da gero da masara ba su taɓa shiga cikinta ba.

3.0 Hatsi da hanyarsa

Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19, ƙasa ce mai yalwar gona da isasshen ruwan sama, kuma Kambari da Dukawa da Kamuku da sauran mazaunanta sanannun manoman dawa ne. Hanyar jirgin ƙasa ba ta biyo ta garin ba, ta Zungeru da Minna ta wuce, amma garin yana kan babbar hanyar motar da ta taso daga kudu ta Jebba da Mokwa zuwa Yawuri da Sakkwato. Saboda haka hatsinta ya daɗe yana da masu saye ta fuska biyu, wato ƙasashen arewa masu ƙarancin ruwa da kuma biranen kudu.

Wannan ciniki yana da nasa tsari da nasa kalmomi tun kafin kowace hukuma. Akwai ɗan kwarami mai shiga ƙauyuka ya tattaro hatsi, akwai dillali mai haɗa mai kaya da mai saye ya karɓi la'ada, akwai ma'auni mai sayarwa da mudu ko tiya, akwai fatoma mai sauke fatake, akwai kuma attajirin da ke ba da jari ya adana buhuna har bazara. Binciken Polly Hill a Ɓatagarawa, wanda ya fito a 1972, da na Paul Clough a ƙasar Malumfashi, duk sun nuna yadda wannan sarƙa ke tafiya a kan amana da bashi, ba a kan takarda ba. Idan gwamnati ta sa hannu a hatsi a zamanin Turawa, to galibi da ƙarfi ne, kamar yadda aka riƙa karɓar hatsi ta hannun En'e a shekarun yaƙi don ciyar da leburorin haƙar kuza a Jos. Ke nan tunanin farko da manomi ya yi game da "gwamnati tana sayen hatsi" ba tunanin alheri ba ne.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da kuma kuɗin man fetur da suka cika birane da masu ci ba su noma, su suka sa gwamnati ta waiwayi abinci. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, a shekarar kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa. A 1977 aka soke hukumomin jihohi, aka kafa na tarayya, kowace da kayanta: ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, ta koko a Ibadan, ta hatsi a Minna, da sauransu.

To amma Hukumar Hatsi ba irin 'yan uwanta ba ce. Ba a ba ta ikon hana kowa sayen dawa ko masara ba. Aikinta shi ne ta sanar da mafi ƙarancin farashi, ta saya idan kasuwa ta faɗi ƙasa da shi, ta kuma adana don ranar buƙata. A mafi yawan shekarun rayuwarta farashin nata yana ƙasa da na kasuwa, don haka ba mai dalilin kai mata kaya. Wuraren sayenta kaɗan ne, biyanta ba nan take ba ne, kuma manomin da ke da buhu biyar a wani ƙauyen Rijau ko Mariga ba zai ɗauki hayar mota ya nufi ma'ajiyar gwamnati ba, alhali ga ɗan kwarami a ƙofar gidansa da kuɗi a aljihu. Wanda ya iya cin moriyar farashin hukuma, in an ci, shi ne mai tara kaya da yawa, wato ɗan kasuwar da aka ce an kafa ta don a rage masa ƙarfi.

4.0 Shekarar 1986 da abin da ya biyo baya

Rushe hukumomin wani yanki ne na shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya fara aiki a tsakiyar 1986, kuma ya dace da ra'ayin da Bankin Duniya ke yaɗawa tun rahoton Berg na 1981, cewa hukumomin ciniki ne ke danne manomin Afirka. Ba Nijeriya kaɗai ba ce. A Jamhuriyar Nijar ma a cikin shekarun nan ne aka rage wa hukumar OPVN ikonta a kan cinikin hatsi. Abin da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne, ba a tambayi manomi ba. Ba a tambaye shi ba ranar da aka kafa, ba a kuma tambaye shi ba ranar da aka rushe. A Kanada, inda hukumar alkama ta kasance mai saye ɗaya tun 1943, an shafe shekaru ana jayayya, har hukumar ta shirya ƙuri'a a 2011, kashi 62 cikin 100 na manoman alkamar da suka jefa suka zaɓi a bar ta, duk da haka gwamnati ta cire mata ikon a 2012. Su aƙalla an ƙirga muryarsu kafin a ƙi bin ta. Muhawarar manoman Kwantagora kuwa bayan an yanke hukunci aka fara ta, shi ya sa ba ta da takardu, sai dai abin da ke bakin mutane.

Masu goyon bayan kasuwa suna da hujja mai ƙarfi, domin shekarun da suka biyo baya sun yi wa mai hatsi kyau. An hana shigo da shinkafa da masara a 1985, da alkama a 1987, da tsiron sha'ir na masana'antu a 1988, sai kamfanonin abin sha da na abincin kaji suka koma neman dawa da masara a cikin gida. Ga kuma sabon irin masara da takin zamani mai rangwame, waɗanda ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe suka fara yaɗawa tun 1975. Masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama kayan kuɗi. Sai dai a ganina masu wannan hujja suna jingina wa rushe hukuma alherin da ba nata ba. Rufe iyaka da taki ne suka ɗaga hatsi. Hukumar Minna ba ta taɓa tare masa hanya ba balle a ce tafiyarta ta buɗe ta.

Masu kewar hukuma su ma idan aka saurare su da kyau, ba hukumar hatsi suke kewa ba. Abin da suke ambata shi ne irin auduga da ake rabawa kyauta, da malamin gona mai zagayawa, da sanin farashi tun kaya na gona, da tabbacin cewa duk abin da aka kai fuloti za a saya. Duk waɗannan na zamanin auduga da gyaɗa ne. Kuma a kan auduga suna da gaskiya: da aka rushe hukumarta iri ya gauraye, duba lamba ya lalace, ba wanda ya ɗauki nauyin abin da take yi ban da saye. Sun manta da layi da cutar sikeli, kamar yadda ɗan Adam kan manta, sun riƙe tabbacin. Wato ɓangare ɗaya yana yabon 'yancin da hatsi ke da shi tun asali, ɗayan yana kukan kariyar da hatsi bai taɓa samu ba, kuma kalma ɗaya, "hukuma", ta rufe wannan bambanci.

Inda saɓanin gaskiya yake shi ne tsakanin kaka da bazara. Ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa, lokacin da kowa ke sayarwa, domin a lokacin ne bashin taki da na 'yan ƙwadago da hidimar aure ke jiransa. Wani ma ya riga ya cinye amfanin tun yana gona, ta hanyar karɓar kuɗi da damina a kan zai biya da hatsi, abin da a ƙasarmu ake kira falle. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar a kan farashin da ya ɗara. Ribar tana wurin wanda ya iya jira. Shi ya sa idan aka duba masu gardamar, sau da yawa za a tarar mai kare kasuwa shi ne mai manyan gonaki da ɗakin ajiya, wanda manomi ne kuma ɗan kasuwa, mai neman hukuma kuwa shi ne wanda ba ya iya riƙe buhu wata uku. Har malamai akan jawo cikin zancen, tunda littattafan fiƙihu sun tattauna ƙayyade farashi da ɓoye abinci, kuma kowane ɓangare ya san babin da ya fi masa daɗi.

Gwamnatocin baya sun yi ta kewaya wannan giɓi ba tare da sun cike shi ba. An gina rumbunan ajiya na tarayya, har da na Minna. A 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki a Jihar Kebbi, wanda ake biya da amfanin gona, wato falle ne na gwamnati, kuma rashin biyansa ya zama abin magana. Sa'an nan a watan Yulin 2024, saboda tsadar abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, alhali taki bai sauko ba, ga kuma 'yan bindiga da suka raba ƙauyuka da dama na masarautar da gonakinsu. A wannan karon har waɗanda suka saya da kaka suka adana sun yi asara, kuma a majalisar da nakan zauna bayan la'asar na ji wasu daga cikinsu, mutanen da suka shekara da shekaru suna kare kasuwa, suna tambayar dalilin da ya sa gwamnati ba za ta yanka farashi ta sayi abin da ke ɗakunansu ba.