Matar da Aka Zaunar a Gindin Dutse

Yau zan kai ku birnin Bon na ƙasar Jamus, garin nan da muke jin Sashen Hausa na DW daga cikinsa. A tsohuwar maƙabartar garin akwai wani kabari da na daɗe tsaye a gabansa, na wasu makaɗa mata da miji, Robert Schumann da Clara.

Su can al'adarsu ce su kafa sassaƙaƙƙen dutse a kan kabari. Wannan na farin marmara ne, aikin Adolf von Donndorf, an buɗe shi a 1880. Can sama fuskar maigidan ce. A ƙasa kuwa mace ce zaune, ta ɗaga kai tana kallonsa, da takardar kiɗa a hannunta. Fuskar Clara aka ba ta.

To, ku ji wadda aka zaunar a ƙasan. Tun tana 'yar shekara 9 take kaɗa piyano a bainar jama'a, ta ma riga mijin yin suna. Mahaifinta ya ƙi aurensu ƙememe, sai da magana ta kai kotu kafin aka ɗaura a 1840. Haihuwarta takwas. A 1854 taɓin hankali ya kama Robert, ya faɗa kogin Rhine, aka tsamo shi aka kai shi asibiti a Endenich, ita kuma tana ɗauke da cikin autansu. Fiye da shekara biyu likitoci suka hana ta ganinsa, sai ana saura kwana biyu ya rasu, a 1856.

Daga nan fa ita ce uwa, ita ce uba. Ta shiga yawon kiɗa gari-gari, har Ingila, da shi ta ciyar da 'ya'ya, daga baya har da jikoki. Huɗu daga cikin 'ya'yan suka riga ta gidan gaskiya. Shekara 40 ta yi a bayansa ba ta sake aure ba. Ni dai gaskiya, wannan zaman na ƙasa bai kwanta mini ba.

Ranar buɗe dutsen tana wurin, tana da shekara 60, tana kallon kanta a gindinsa. Da ta rasu a 1896, nan aka kawo ta aka binne kusa da shi. Daga baya Jamusawa sun buga hotonta a takardar mak 100, ita kaɗai, har zuwa 2002 da kuɗin yuro ya karɓi wurin.