Neidan

Neidan (da Sinanci: 內丹) tsari ne na horar da jiki da zuciya a addinin Tao na ƙasar Sin. Ma'anar kalmar ita ce "maganin ciki". Mabiyansa suna ɗaukar jikin ɗan Adam tamkar murhu da tukunya, inda ake tace abin da ke cikinsa ta hanyar zaman natsuwa, sarrafa numfashi da tattara hankali. Burinsu shi ne tsawon rai da komawa ga Tao, wato asalin da suke ganin komai ya fito daga gare shi.

Tarihi

Kafin neidan akwai waidan, "maganin waje", inda ake narka dalma da zaiba da wasu ma'adinai domin haɗa maganin da aka yi imani yana hana mutuwa. Maganin yana ɗauke da guba, kuma ana danganta mutuwar wasu sarakunan daular Tang (618–907) da shan sa, cikinsu har da Wuzong wanda ya rasu a shekarar 846. A zamanin wannan daula ne neidan ya fara bayyana a matsayin tsari mai zaman kansa. Ya riƙe kalmomin waidan amma ya sauya musu ma'ana: dalma da zaiba suka zama alamun abubuwan da ke cikin mutum.

Tsarin ya bunƙasa a zamanin daular Song (960–1279). Zhang Boduan ya rubuta littafin Wuzhen pian wajen shekarar 1075, kuma daga gare shi ne zuriyar malaman Kudu ta samo asali. A Arewa kuwa, Wang Chongyang (1113–1170) ya kafa makarantar Quanzhen, wadda har yau take da babbar cibiya a wurin ibada na Baiyun a birnin Beijing.

Taskoki uku

Aikin neidan ya dogara ne kan abubuwa uku da ake kira "taskoki uku". Jing shi ne ainihin ƙarfin jiki, wanda ya shafi haihuwa. Qi shi ne numfashi ko ƙarfin rai da ke zagaya jiki. Shen shi ne ruhi ko hasken hankali. Kowanne yana da mazauninsa da ake kira dantian: na ƙasa yana ƙarƙashin cibiya, na tsakiya a ƙirji, na sama a cikin kai. A ganin malaman, halitta ta gangaro ne daga Tao zuwa ruhi, zuwa numfashi, zuwa jiki, kuma ƙarshen wannan gangara shi ne tsufa da mutuwa. Mai neidan yana ƙoƙarin bin hanyar ne a juye.

Matakai

Littattafai sun bambanta wajen lissafi, amma wanda ya fi shahara yana da share fage da matakai uku.

Aza harsashi: ɗalibi yana mayar da ƙarfin da ya ɓarnatar. Yana rage sha'awa, ya daidaita abinci da barci, ya koyi zama shiru har numfashi ya lafa.

Tace jing ya zama qi: ana yin sa a dantian na ƙasa. Ana jan ƙarfin ya hau ta ƙashin baya zuwa kai, sannan ya sauko ta gaba zuwa mara. Ana kiran wannan "ƙaramin zagayen sama", kuma bisa al'ada ana ba shi kwana 100.

Tace qi ya zama shen: aikin yana komawa dantian na tsakiya. Ana kwatanta shi da rainon ciki na wata 10, domin a nan ne ake cewa "ɗan tayi mai tsarki" yana girma. Ba jariri na zahiri ake nufi ba, alama ce ta sabon halin da mutum yake samu. Ƙoƙari yana raguwa a wannan mataki, ana barin abu ya nuna da kansa.

Mayar da shen ga wofi: shi ne mataki na ƙarshe, a dantian na sama, kuma ana ba shi shekara 9. Mutum yana sakin komai, har da ita kanta dabarar, ya zauna cikin wuwei, wato rashin tilasta wa abu. Malamai da dama, kamar Liu Yiming (1734–1821), sun ja hankali cewa kada a ɗauki kalmomin waɗannan littattafai a zahirinsu.

Saɓani tsakanin makarantu

Babbar muhawara ita ce wanne za a fara gyarawa, xing (halin zuciya) ko ming (rayuwar jiki). An san malaman Kudu da farawa da ming, na Arewa kuma da xing, amma duka sun yarda cewa sai an haɗa biyun aikin yake cika. Akwai kuma nüdan, tsarin mata, wanda yake farawa daga ƙirji kuma ya ɗauki jini a madadin jing.

Tasiri

An rubuta littattafan neidan cikin zaurance da gangan, shi ya sa ake cewa sai da bayanin malami baki da baki ake fahimtarsu, kuma ana gargaɗin cewa yin aikin babu jagora yana iya cutar da jiki da hankali. Wasu dabarunsa sun shiga atisayen qigong na zamani. A Turai, an san shi sosai bayan Richard Wilhelm ya fassara wani littafin neidan zuwa Jamusanci a 1929, tare da sharhin Carl Jung.