Yadda Binciken Jami'a Ya Wanke Manomin Arewa

Tun farkon zuwan Turawa har bayan samun mulkin kai, akwai wani ra'ayi da ya yi kanta a ofisoshin gwamnati game da talakan ƙasar Hausa, watau cewa shi mutum ne mai riƙon al'ada, wanda ba ya lissafin riba da hasara, kuma ba ya motsawa sai an tura shi. A kan wannan ra'ayi aka gina tsare-tsaren aikin gona da na ciniki masu yawa. Abin da ya rushe shi kuwa bincike ne na haƙuri, wanda masana tattalin arziki suka yi a ƙauyukan Zazzau da Katsina da Kano, tsakanin 1965 da 1980.

Tushen wannan aiki yana Zariya. Hukumar Ashby, wadda ta miƙa rahotonta a shekara ta 1960, ta ba da shawarar a kafa wa Arewa jami'a, aka kuwa buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Sabuwar jami'ar ta gaji tsohuwar tashar binciken aikin gona ta Samaru, da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo. A shekara ta 1965 aka kafa wani sashe a Samaru don binciken tattalin arzikin karkara, aka ɗora David Norman a kansa.

A wancan zamani malaman gona suna horon manoma su bar gauraya shuka, su keɓe wa kowane iri gonarsa. Manoma kuwa suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, aka riƙa ɗaukar haka taurin kai ne. Sashen Norman bai tsaya gardama ba. Sai ya zaɓi ƙauyuka uku kusa da Zariya, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya zaunar da malamai masu ƙidaya a cikinsu shekara guda cur, daga 1966 zuwa 1967, suna rubuta kowace sa'a da aka yi a gona da kowane dami da aka ɗaure. Da aka haɗa lissafi sai ta bayyana cewa gonar gauraye ta fi kawo kuɗi a kan kowace eka, ta kuma fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noman fari da maimai suke cinye hannun kowa. Ban da wannan, idan damina ta yi gardama, da wuya iri uku su mutu tare. Haka nan aka gane dalilin da ya sa manomi yake jinkirta shukar auduga har sai ya gama da hatsi, ko da yake gwajin Samaru ya nuna shukar wuri ta fi yabanya. Abin da ya yi masa ƙaranci hannuwan aiki ne, kuma mai hankali ba ya barin abincin gidansa cikin ciyawa saboda auduga.

Yayin da ake wannan a gonaki, wani masani Ba'amurke, Jan Hogendorn, yana tonon asalin cinikin gyaɗa a Kano, kuma maɗaba'ar jami'ar ta buga littafinsa a 1978. Lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, auduga Turawa suke sa rai, domin masaƙun Lankasha na Ingila suna neman ta, har kamfanin Bisije ya kafa injin gurza a Zariya. Amma masaƙan Kano suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi, kuma idan yunwa ta zo ana iya cinta. Fatake irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, waɗanda suka gogu da fataucin goro zuwa Gwanja, su suka baza yaransu ƙauyuka da jari, suna ba manoma bashi, suna shelar farashi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Ashe dalar gyaɗa, wadda daga baya sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita, daga lissafin manomi da falke ta samo asali.

Sai dai binciken bai tsaya ga yabo ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna cewa kalmar "manoma" tana ɓoye bambanci mai girma. A gari ɗaya akwai mai rumbuna da ke ajiye hatsi har ya yi tsada da damina, akwai kuma wanda yake sayar da nasa da kaka a kan araha, sa'an nan ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya sami na tuwo. Duk tsarin da bai san da wannan bambanci ba, to, takinsa da bashinsa a hannun mai hali za su ƙare. Shi kuma Gerald Helleiner tun 1966 ya lissafa yadda hukumomin cinikin amfanin gona suke sayen gyaɗa da auduga ƙasa da farashin duniya, suna tara rarar a baitulmali, watau haraji ke nan wanda ba a kira shi da sunansa ba.

Abin takaici shi ne, samun ilmi daban, aiki da shi daban. Da kuɗin man fetur suka shigo bayan 1973, hankali ya koma ga manyan madatsun ruwa da noman alkama, ba tare da an tsaya tambayar manomi yadda sabon tsarin zai shiga lissafinsa ba. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi hasarar rayuka da yawa. Gyaɗa kuwa, wadda ƙarancin farashi ya riga ya raunana, farin 1973 da annobar cuta ta 1975 suka ƙarasa ta. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin, kuma tsuke bakin aljihun da ya biyo baya ya karya darajar albashi da kuɗin bincike, masana da yawa suka bar jami'o'i. Harajin ilmi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, wanda ya zama asusun TETFund a 2011, ya farfaɗo da gine-gine, amma bincike irin na Samaru yana bukatar abin da ya fi gini, watau mutanen da za a biya su zauna a ƙauye shekara guda suna ƙirga.

Akwai kuma wani giɓi da ya rage. Kusan dukan waɗannan littattafai da Turanci aka rubuta su, saboda haka jikokin mutanen Doka da Batagarawa, waɗanda aka auna gumin kakanninsu, kaɗan ne daga cikinsu suka san abin da aka gano. Aikin da ke gaban ɗalibi shi ne ya mai da wannan ilmi ga masu shi cikin harshensu, ya kuma sake aunawa, domin ƙauyen 1967 ba shi ne na yau ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, duk ranar da takarda ta zo teburinsa tana cewa manoma sun ƙi karɓar wani sabon tsari, wajibi ne kafin ya sa hannu ya tambaya ko an je an auna abin da tsarin zai ci musu na lokaci da kuɗi da abinci.