Saiwar cikori: yadda rufe iyaka ya mai da ciyawa mai ɗaci haja

Ga rubutun shirinmu na wanga mako, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani abokina da ke yin yogot a Sakkwato ne ya jawo wagga magana. Na je wurinsa, sai ya nuna mani wani buhu mai kilo 25, cike da farin gari mai laushi kamar madarar gari. Na ɗanɗana, zaƙi kaɗan-kaɗan. Ya ce sunansa inulin, daga saiwar wani tsiro ake fitar da shi a Beljiyam, shi kuma daga hannun dillali a Legas ya saya. Da ya faɗa mani kuɗin buhun, sai da na sake tambaya. Na ce to, saiwa fa? Wace irin saiwa ce za ta ƙetaro teku ta zo ta fi buhun albasarmu daraja?

Tsiron ana kiransa cikori, 'yan'uwanmu na Ƙonni kuma su ce shikore, kamar yadda Faransawa ke faɗi. Dangin latas ne, furensa shuɗi, saiwarsa fara kamar ƙaton karas, ga ɗaci. A Turai ciyawar bakin hanya ce tun da can. Wanda ya taɓa shan Ricoré, gwangwanin nan da kamfanin Nestlé ya fitar a Faransa a 1953, to ya sha cikori, don haɗin kofi ne da gasasshiyar saiwar.

Yadda aka yi ta shiga kofin shayi shi ne abin ji. A ƙarni na 18 Turawa sun kamu da shan kofi, kuma kofi ba ya fitowa a ƙasarsu. Sarkin Furushiya, Frederick, ya ga kuɗin ƙasarsa na zurarewa waje, sai a 1781 ya hana talaka gasa kofi ba da izini ba. Har tsofaffin sojoji ya ɗauka aiki suna yawo unguwa-unguwa suna shinshina, duk gidan da ƙamshin kofi ya fito an kama mai shi. Ku ce kwastan na hanci. Mutane suka koma ga saiwar da ke bayan gidansu: a yanka, a busar, a gasa, a niƙa, ta ba da ruwa baƙi mai ɗaci mai kama da kofi.

Babban juyin ya zo a watan Nuwamba 1806, lokacin da Napoleon ya sa hannu a dokar Berlin wadda ta haramta wa nahiyar Turai ciniki da Ingila. Jiragen Ingila su ma suka tsare teku. Kofi ya yi wuya, sukarin rake ya yi wuya. Cikin wannan ƙunci ne noman cikori ya bazu a arewacin Faransa da Beljiyam da Holan, aka kuma dage wajen fitar da sukari daga wata saiwar daban mai kama da gwaza. Napoleon ya faɗi, teku ta buɗe, kofi ya dawo, amma baki ya riga ya saba, masana'antu sun riga sun kafu. Kamfanin Leroux da ke garin Orchies tun 1858 har yau cikori yake sarrafawa.

Mu mutanen Illela ba sai an yi mana bayanin rufe iyaka ba. An rufe a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, kuma Illela na cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe tare da Seme da Maigatari da Mfun. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙamewa har Maris 2024. Kowa ya ga motoci jere kan titi, kaya na lalacewa a ciki, 'yan dako da 'yan kabu-kabu zaune ba aiki. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, cikin rufewa biyun nan, wace sana'a guda muka fito da ita wadda ba mu da ita da? Ni dai abin da na ga ya ƙaru shi ne hanyoyin daji.

Mu koma kan farin garin. Shi sinadarin inulin wani Bajamushe mai suna Valentin Rose ne ya fara ware shi a 1804, amma ya daɗe ba a san abin da za a yi da shi a kasuwa ba. Sai a shekarun 1980 da 1990 masana'antun sukari na Beljiyam da Holan suka juya gare shi. A yau manyan masu yin sa su ne Beneo da Cosucra a Beljiyam, da Sensus a Holan. Aikin kusan irin na sukari ne: a wanke saiwa, a yayyanka, a jiƙa da ruwan zafi, a tace ɗacin da launin, a busar da ruwan ya koma gari. Cikinmu ba ya narkar da shi kamar sukari, wucewa yake har babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke ci. Shi ya sa masu yogot da biskit da abincin yara ke sonsa: yana ba da kauri ba tare da mai ba, yana rage sukarin da za a zuba, kuma a rubuta a kwali cewa akwai harza mai taimakon ciki. A 2018 hukumar abinci ta Amurka, FDA, ta amince a lissafa shi haka. Amma fa in aka sha da yawa, kumburin ciki da iska ne, wannan ba a cika rubuta shi a kwali ba.

Wanda ke son shigo da shi ya san cewa ba harkar buhu biyu a bayan mashin ba ce. Sai da rajistar NAFDAC, sai da takardun banki da na kwastan, kuma da yuro ko dala ake biya, alhali tun Yuni 2023 da aka saki naira kowa ya san yadda canji ya koma. Garin kuma yana shan laima, buhu ya buɗe cikin damina sai ya dunƙule kamar dutse. Masu sayensa kaɗan ne, kusan duk masana'antu ne. Noma shi nan ma da wuya, don tsiro ne mai son sanyi. A Afirka sai can gabashin Kef a Afirka ta Kudu aka san shi sosai, sai kuma Indiya.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne, dangin wanga sinadari yana cikin albasa da tafarnuwa, ko da yake bai kai na cikori yawa ba. Ba ina cewa gobe mu kafa masana'antar inulin ba, wannan yaudarar kai ce. Amma dubi inda muke zaune. Galmi, wadda jar albasarta ta yi suna a duk Yammacin Afirka, tana nan gaba da Ƙonni kan hanyar Madawa. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Illela ka ga buhuna. Lokacin kaka farashi ya faɗi, manomi ya zuba a rudu yana jiran tsada, zafi da laima su ci rabonsu. A garin Mahuva na Indiya kuwa busar da albasa suke yi, su niƙa, su sayar wa duniya, irin garin da ake zubawa a dunƙulen miya da kayan ɗanɗanon taliya.

Kuma fa busarwar ba baƙuwa ba ce gare mu. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin gabu, su daka ganyen albasa, su dunƙula, su shanya, ya shekara bai lalace ba. Na tambayi abokin nawa mai yogot ko akwai abu guda cikin kayan haɗinsa da ya fito daga gonar jihar Sakkwato. Ya yi shiru, ya duba sito, ya ce ruwa. Ko madarar ta gari ce, daga waje.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu zauna da mata masu gabu mu ji nawa suke sayar da kwano, kuma wa ke saye.