Umaru Mutallab

Alhaji Umaru Abdul Mutallab (an haife shi ranar 15 ga Disamba, 1939) akanta ne, ma'aikacin banki kuma ɗan kasuwa ɗan Najeriya daga Funtua a jihar Katsina. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, wato minista, a gwamnatocin soja na Janar Murtala Muhammad da Janar Olusegun Obasanjo daga 1975 zuwa 1978. Ya shugabanci bankin UBA a matsayin manajan darakta daga 1978 zuwa 1988, sannan ya zama shugaban hukumar daraktocin First Bank daga 1999 zuwa 2009. Yana cikin mutanen da suka kafa Jaiz, banki na farko a Najeriya da ke gudanar da dukkan harkokinsa ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma shi ne shugaban hukumar daraktocinsa na farko.

Farkon rayuwa da karatu

Mutallab ɗan Funtua ne, wadda a lokacin take cikin lardin Katsina. Funtua gari ne na auduga da ciniki. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta cikinta, ya wuce Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda, daga nan kuma hanyar mota ta miƙa zuwa Shinkafi da Isa da Sabon Birni har bakin iyakar Nijar. Wannan ya sa garin ya zama mahaɗar fatake tsakanin ƙasar Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir.

Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani yanzu da Kwalejin Barewa, ya kammala a ƙarshen 1959. Makarantar ce ta yaye shugabannin Arewa da dama, irin su Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari da Murtala Muhammad. A farkon 1960 ya kama aikin akawu a wani kamfanin binciken kuɗi a Kaduna. Bayan haka ya ƙaro karatu a Achimota da ke Accra a ƙasar Gana, sannan ya wuce Landan inda ya karanci aikin akanta ya sami shaidar ƙwarewa. Daga baya ya zama babban mamba a ƙungiyar akantoci ta ACCA ta Birtaniya da ƙungiyar ICAN ta Najeriya.

Ayyukansa a Kaduna

Ya dawo gida a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka naɗa shi babban akanta na Kamfanin Ƙera Makamai na Najeriya da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1964. A 1971 ya koma kamfanin NNDC, kamfanin zuba jari mallakar jihohin Arewa, a matsayin mai kula da harkokin kuɗi, kuma ya kai ga zama janar manaja. NNDC na da hannun jari a masaƙu da otal-otal da gidaje da sauran masana'antu a Arewa. A nan ne Mutallab ya saba da zaman hukumomin daraktoci da auna ribar kamfanoni, aikin da ya zama sana'arsa har tsufansa.

Minista

Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, Murtala Muhammad ya naɗa shi kwamishinan tarayya mai kula da raya tattalin arziki. Ma'aikatar ce ke da alhakin Shirin Raya Ƙasa na Uku na 1975 zuwa 1980, wanda aka tsara bisa kuɗin man fetur da suka ƙaru ƙwarai bayan tashin farashin mai na 1973. Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Obasanjo ta mai da shi ma'aikatar ƙungiyoyin gama-kai da samar da kayayyaki, inda ya zauna har 1978.

Wannan ma'aikata ita ce ta fi shafar talaka da ɗan kasuwar kiri kai tsaye. Ƙarin albashin Udoji da aka fara biya a farkon 1975 ya cika hannun ma'aikata da kuɗi, kaya kuma ba su ƙaru ba, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar. A daidai lokacin ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas, kayan masarufi suka daɗe a kan ruwa kafin a sauke su. Gwamnati ta nemi magance matsalar ta hanyoyi uku: shigo da kaya da kanta ta hannun Kamfanin Samar da Kayayyaki na Ƙasa da aka kafa a 1972, rarraba su ta hannun ƙungiyoyin gama-kai da dillalai masu rajista, da kuma ƙayyade farashi, wanda aka sabunta dokarsa a 1977. Shinkafa da suga da madara na cikin kayan da aka riƙa shigowa da su.

Tsarin ya sauƙaƙa wa wasu mazauna birane, amma ya zo da nasa matsalolin. Duk inda farashin gwamnati ya yi ƙasa da na kasuwa, akan sami masu ɓoye kaya da masu sayar da takardar kason da aka ba su ga wasu. Mutanen karkara da ke nesa da rumbunan gwamnati kuwa sukan sayi kayan ne bayan sun bi ta hannu biyu ko uku. Gwamnatocin da suka biyo baya sun ci gaba da irin wannan rabo, har shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sakar wa kasuwa farashin mafi yawan kayayyaki.

Shugabancin UBA

A 1978 ya bar gwamnati ya zama mataimakin shugaba mai cikakken iko kuma manajan daraktan United Bank for Africa. Bankin ya samo asali ne daga British and French Bank da ya fara aiki a Najeriya a 1949, aka kuma yi masa rajista da sunan UBA a 1961. Naɗin Mutallab ya zo ne bayan dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, lokacin da aka wajabta cewa kashi 60 cikin 100 na hannun jarin bankuna ya kasance na 'yan Najeriya. Gwamnatin tarayya ta zama babbar mai hannun jari a manyan bankuna uku, wato First Bank da Union Bank da UBA, kuma 'yan ƙasa suka riƙa karɓar kujerun da Turawa ke riƙewa a da.

Shekaru goma da ya yi a UBA sun haɗa da zamanin yalwa da na ƙunci. Shirin bankunan karkara da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da shi a 1977 ya tilasta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a ƙananan garuruwa, abin da ya kai banki wuraren da a da sai an yi doguwar tafiya zuwa hedikwatar lardi kafin a ajiye kuɗi. A 1984 UBA ya buɗe reshe a birnin New York na Amurka. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar farashin mai daga 1981 ta jawo ƙarancin kuɗin waje, masu shigo da kaya suka riƙa jiran watanni kafin a biya waɗanda suka sayar musu. A 1986 aka buɗe kasuwar musayar kuɗin waje ta biyu, darajar naira ta faɗi, sababbin bankuna suka yawaita, gasa ta tsananta. Ya sauka daga muƙamin a 1988.

Shugabancin First Bank

Daga 1999 zuwa Disamba 2009 ya shugabanci hukumar daraktocin First Bank, bankin da aka kafa a Legas a 1894 da sunan Bank of British West Africa, ya kuma karɓi sunansa na yanzu a 1979. Shugaban hukuma ba ya gudanar da aikin yau da kullum. Aikinsa shi ne jagorantar zaman daraktoci, sa ido kan manajan darakta, da kare dukiyar masu hannun jari da masu ajiya.

A 2002 hukumar ta sauke manajan darakta Bernard Longe bayan bashin da bankin ya bai wa wani kamfani da ya nemi sayen kamfanin sadarwa na NITEL. Kamfanin ya kasa cika sauran kuɗin, kafin alƙalamin da ya biya ya salwanta. Longe ya kai ƙara, kuma a 2010 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa saukewar ba ta bi ƙa'ida ba, domin ba a aika masa da sanarwar zaman da aka yanke shawarar ba. Ana yawan kawo wannan shari'a a matsayin misali a darussan dokar kamfanoni a Najeriya.

A watan Yuli 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, da wa'adin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, First Bank kuwa ya tsallake da sunansa. A ƙarƙashin hukumar Mutallab ne kuma Sanusi Lamiɗo Sanusi ya zama manajan daraktan bankin a Janairu 2009, kafin a naɗa shi gwamnan Babban Banki a watan Yuni na shekarar. Da binciken Babban Banki ya kai ga korar shugabannin bankuna biyar a watan Agusta 2009, First Bank ba ya cikinsu.

Kafa bankin Jaiz

Musulmi da yawa a Arewa suna ƙyamar hulɗa da banki saboda haramcin kuɗin ruwa, wasu kan gwammace su ajiye dukiyarsu a dabbobi ko hatsi ko adashi. Domin buɗe wa irin waɗannan ƙofa, Mutallab da wasu 'yan kasuwa, ciki har da Alhaji Aminu Ɗantata, suka kafa kamfanin Jaiz International a 2003, suka sayar da hannun jari ga jama'a. Ƙarin jarin 2004 ya dakatar da shirin, domin abin da aka tara bai kai ko kusa da biliyan 25 ba.

Hanya ta buɗe ne a 2011, da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa. Ƙa'idojin sun jawo muhawara mai zafi. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta nuna adawa, tana ganin hakan ya saɓa wa matsayin ƙasar na rashin fifita wani addini. Masu goyon baya suka amsa cewa dokar bankuna ta 1991 ta riga ta amince da bankunan raba riba da asara, kuma kowa na iya buɗe asusu ko da wane addini yake bi. Jaiz ya sami lasisin yanki a Nuwamba 2011, ya fara aiki ranar 6 ga Janairu, 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano. Ya sami lasisin ƙasa baki ɗaya a 2016, aka kuma sa shi a kasuwar hannayen jari ta Najeriya a 2017.

Bambancin irin wannan banki yana cikin yadda yake samun riba. A tsarin murabaha, idan ɗan kasuwa a Isa ko Sabon Birni yana son buhunan suga na naira miliyan 1, bankin ba ya ba shi kuɗi rance. Yakan sayi sugan da kansa, sannan ya sayar masa a kan farashin da suka amince tun farko, misali miliyan 1 da dubu 150, a biya kashi-kashi. Farashin ba ya ƙaruwa don an yi jinkirin biya. A tsarin ijara bankin kan sayi mota ko injin ya ba da shi haya. A mudaraba da musharaka kuwa ana raba riba bisa yarjejeniya, asarar kuɗi ta faɗa kan masu jari gwargwadon abin da kowa ya zuba. Akwai kwamitin malamai da ke tantance kowace irin hulɗa kafin a fara ta. Bayan Jaiz an kafa wasu bankuna masu irin wannan tsari, kamar TAJBank a 2019 da Lotus Bank a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi.

Sauran muƙamai da lambobin yabo

Mutallab ya zauna a hukumomin kamfanoni da dama. Ya shugabanci hukumar Impresit Bakolori, kamfanin gine-gine mai tushe a Italiya wanda sunansa ke da alaƙa da madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara. Ya kuma shugabanci ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girmamawa ta CON, ƙasar Italiya ma ta karrama shi.

Lamarin Disamba 2009

Ranar 25 ga Disamba, 2009, ɗansa Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a cikin jirgin Northwest Airlines mai lamba 253 da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Bam ɗin bai tashi yadda aka shirya ba, fasinjoji suka danne shi. Daga baya ta bayyana cewa tun a watan Nuwamba mahaifin ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoton cewa ɗansa ya rungumi tsattsauran ra'ayi, ya yanke hulɗa da iyali, kuma ana zaton yana Yemen. An sa sunan a wani babban kundin bayanai, amma ba a sa shi cikin jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Shugaba Barack Obama ya amince cewa hukumomin tsaron ƙasarsa sun gaza haɗa bayanan da ke hannunsu. A Janairu 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsaurara binciken matafiyansu, matakin da gwamnatin Najeriya ta yi tir da shi. A Fabrairu 2012 wata kotu a Detroit ta yanke wa Umar Farouk hukuncin ɗaurin rai da rai.