Iska da Mai a Gidan Audugar Garwa

Kawuna ya yi shekara da shekaru yana lodin dilolin auduga a Garwa, kuma a bakinsa na fara jin cewa auduga ba ta da nauyi, amma cin wuri gare ta kamar tsiya. Sai da na girma na gane cewa rabin tarihin garinmu yana cikin wannan magana.

A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa, CFDT, ya shigo da noman audugar sayarwa arewacin Kamaru, kafin Sodecoton ta gaje shi a 1974. A lokacin babbar hanyar fitar da kaya ita ce kogin Binuwai, shi kuwa ba ya ɗaukar manyan jirage sai damina ta yi nisa. Cikin 'yan watannin nan dole kaya su gangara Najeriya zuwa teku. Abin da ya rasa wuri a jirgi sai ya jira baɗi. To, yaya za a yi da kayan da cikinsu duk iska ce?

Matse su ake yi. A gidan gurza, bututu ne yake zuƙo auduga daga cikin mota da ƙarfin iska, inji ya raba ta da angurya. Daga nan sai aikin mai. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya yarda, duk inda aka danna shi sai ya kai danniyar gaba. Famfo yana tura shi ta ƙaramin fistin zuwa babba. In fuskar babban ta ninka ta ƙaramin sau 20, ƙarfin ma ya ninku sau 20, sai dai tafiyarsa ta ragu daidai haka. Shi ya sa injin yake motsi a hankali kamar mai jin barci, alhali yana mayar da tulin auduga dunƙule guda mai taurin katako. Dabarar ta tsufa, tun 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar irin wannan inji a Ingila. Ita ce a jak ɗin mota, ita ce take ɗaga bodin tifa.

Da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma hanyar mota, tashar ruwa ta ƙara ja baya. Yau tireloli ke hawa da diloli ta gangaren dutsen nan na kusa da Ngaundere, a dawowa kuma direba ba ya fara gangarowa sai ya duba ko tankin birkinsa ya cika da iska.