BOKA ƊAYA, ALJANI NAWA?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne wani saƙo da wata baiwar Allah ta aiko mini daga Gummi, bayan ta karanta wani littafina na yaƙi wanda a cikinsa na ba wani hatsabibin boka aljannu har bakwai. Ta ce labarin ya yi daɗi amma na zuba ƙarya, domin a saninta boka aljani ɗaya gare shi, shi yake aike, shi yake kawo masa labari. Da farko na yi dariya na ajiye wayar, amma maganar ta ƙi barina in yi barci, saboda ta tuno mini da wata tsohuwa da kuma wani tarihi na ƙasarmu wanda ke neman ɓacewa.

Mahaifiyata mutuniyar Duza ce, wani ƙauye a ƙasar Anka wanda duniya ba ta san sunansa ba sai a 2010, lokacin da gubar dalma ta wajen haƙar zinare ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tun kafin wannan musiba, muna yara ana kai mu can hutun makaranta, kuma a gidan akwai yayar kakata wadda dukkanmu muke kira Kaka. 'Yar bori ce, kowa ya sani, kodayake ba a faɗa a gabanmu. A ƙuryar ɗakinta akwai wani akwatin ƙarfe da aka hana mu taɓawa, sai wata rana ta buɗe shi ina wurin, na ga farar riga da rawani da tasbaha, na ga wata riga mai aiki irin ta 'ya'yan sarauta, ga ƙwarya da ludayi, ga kuma wata tsohuwar malfa da akushi. Na tambaye ta ko na mijinta ne da ya rasu, sai ta ce na mutanenta ne, su huɗu: Malam Alhaji, Ɗan Galadima, Inna da Kuturu.

Na ce, "Kaka, ashe ke babbar mai arziki ce, kin ajiye bayi har huɗu?"

Ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, yi shiru kar su jiya. Ba ni na aje su ba, su sunka aje ni."

Ban fahimci wannan magana ba sai da na girma na fara bin tarihin abin. Ya kai mai karatu, bori tsohon abu ne a wannan yanki, ya girmi garin Anka kansa. A cikin shekarun 1760 ne Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafu a Alƙalawa, sarakunan Zamfara kuwa suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har suka zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. A fadar Gobir ta wancan zamani akwai sarautar Inna, wadda wata 'yar gidan sarauta ke riƙewa, kuma ita ce shugabar 'yan bori na ƙasar baki ɗaya, kamar yadda Iya take a Maraɗi. Wato abin yana da hukuma da tsari da shugabanni. Shi ya sa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, haɗa Musulunci da bautar iskoki na cikin manyan abubuwan da ya yi ta jan kunnen mutane a kai. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata, har ta sa musu malfa a ka, alamar da a da aka san Innar Gobir da ita. Duk da haka abin bai mutu ba, ya dai koma ƙuryar ɗaki, irin inda na tarar da akwatin Kaka.

To, a cikin wannan tsari nawa ne adadin iskokin mutum ɗaya? Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen fagen bori ya san amsar. Masu garaya ko goge suna kaɗa taken iskoki ne ɗaya bayan ɗaya, kuma mutum ɗaya yana iya faɗuwa a take uku ko huɗu a dare ɗaya. Wannan ya hau, a sa masa kayansa, ya yi rawarsa, ya yi maganarsa, ya sauka da atishawa, sannan wani ya hau. Turawan da suka rubuta abin ma haka suka tarar. A 1914 wani Bature mai suna Tremearne ya fitar da littafi a kan borin Hausawan da ke zaune a Tunis da Tarabulus, ya jero iskoki masu yawan gaske da sunayensu. A 1983 kuma Fremont Besmer ya fitar da nasa a kan borin Kano, inda 'yan bori suka bayyana masa cewa iskoki suna da birninsu mai suna Jangare, mai gidaje goma sha biyu, Sarkin Aljan Sulemanu ne babba. Suna da sarakuna da malamai, da makafi da kutare, da Fulani da maharba, akwai farare akwai baƙaƙe, suna aure suna haihuwa. Idan kuwa gari guda ne mai dangi, ba abin mamaki ba ne wanda ɗaya ya kama, ɗan'uwansa ya biyo sawu.

Amma a lura da sunan da ake kiran mai iskokin da shi. Namiji doki ne, mace goɗiya. Iska shi ne mahayi. Galibi kuma da ciwo abin yake farawa, ciwon da ya ƙi jin magani, sai a ce a yi girka, a killace mutum kwanaki ana ba shi sassaƙe da turare ana kiɗa, har waɗanda ke kansa su bayyana sunayensu. Wasu gado ne daga uwa ko kaka, wasu kuma gamo ne a bakin rafi ko gindin tsamiya. Ciwon da har yau muke kira shan inna, wanda likitoci suka tabbatar ƙwayar cuta ce ke kawo shi kuma rigakafi ke hana shi, daga sunan iskar nan Inna ya samo suna. Kowane ɗaya daga cikinsu kuma da tasa buƙatar, wani farin rago, wata baƙar akuya, wani tufa, wata nono, kuma kowace shekara sai an sabunta.

Na ga wannan da idona a wurin Kaka. Mace ce mai neman na kanta, tana kiwon awaki tana sayar da daddawa, amma ba ta taɓa tara abin kirki ba. Ɗan Galadima, kamar yadda aka san shi, ɗan sarki ne mai almubazzaranci da son a yabe shi. Wata shekara bayan kaka aka yi wasa a wani ƙauye kusa da mu, ya hau ta, ya kwashe sabbin zannuwanta biyu da kuɗin akuyar da ta sayar ya rabar wa makaɗa. Da gari ya waye ta zauna a bakin murhu tana tambayar ina zannuwanta, aka faɗa mata, ta yi tagumi ba ta ce komai ba. Ga Malam Alhaji yana son farin kaya da tsarki, ga Kuturu da nasa halin na masifa, idan an yanka wa wannan ba a yanka wa wancan ba sai a ce shi ne ya kwantar da ita. Gidan mata huɗu ma bai kai wannan rikici ba.

Wani abin kuma, adadin nasu ƙaruwa yake da tafiyar zamani. A 1925, a ƙasar Kurfai wajen Filinge ta Nijar, wasu sabbin iskoki da ake kira Babule suka ɓullo a kan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta, iskoki masu kwaikwayon sojoji da jami'an Faransa, masu fareti da tsawa, har hukumar mulkin mallaka ta kama mutanen ta ɗaure. Daga nan Turawa suka samu gurbi a cikin iskoki, mutumin da ya gaji Inna daga kakarsa sai ga shi da soja a kansa. Kowane baƙon da ya shigo ƙasar Hausa da ƙarfi, in an duba, za a ga inuwarsa a fagen bori.

To daga ina mai saƙona ta samo nata, na boka da aljani ɗaya tal mai cewa "na'am ya shugabana"? Ina jin hanyarsa biyu ce. Ta farko ita ce ta malaman tsibbu masu shiga halwa don neman hadimi ko rauhani. Ta biyu kuwa ita ce ta littattafai da finafinai, musamman labaran Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda aka buga da Hausa tun 1924, sai kuma finafinan Indiya da muka taso muna kallo. Littattafanmu na farko da suka fito daga gasar 1933, irin su Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, duk akwai aljannu a cikinsu, kuma ƙamshin labaran Larabawa a bayyane yake. Amma ko a can ɗin dokar ɗaya tal ba ta tsaya ba, domin Alauddin mai fitila aljani biyu gare shi, na zobe da na fitila. A Ingila ma, a 1645, lokacin da wani Matthew Hopkins yake farautar mayu, an hana wata tsohuwa mai suna Elizabeth Clarke barci kwanaki har ta amsa cewa tana da mataimaka da yawa masu siffar kyanwa da karnuka da zomo, aka rataye ta a kan wannan magana da aka tatsa daga bakinta da azaba. Mu kuma a addinance mun san wanda Allah Ya hore wa rundunar aljannu suna yi masa aiki cikin biyayya shi ne Annabi Sulaiman, alaihis salam, kuma mulki ne da ba a ba kowa irinsa ba a bayansa.

Saboda haka amsata ga 'yar'uwata ta Gummi ita ce, a wajen lissafi ba ki yi daidai ba, boka ko ɗan bori yana iya zama da biyu, da huɗu, da bakwai, kuma tarihin ƙasarmu yana bayana. Amma da na sake buɗe littafin nawa sai na ga lallai akwai ƙaryar da kika ji warinta, wurinta ne kawai kika kuskure. Aljannun bokana guda bakwai a banza suke yi masa aiki. Ba su taɓa neman ko zakara ba, ba su taɓa kishi da juna ba, ba su kwantar da shi ciwo ba, ba su taɓa 'ya'yansa ba. Ya tafa hannu su zo, ya tafa su tafi. Na ba talaka ɗan Adam abin da Annabi Sulaiman kaɗai aka ba, kuma yaron da ya karanta zai iya rufe littafin yana sha'awar zama boka. Wannan laifi ba nawa ne ni kaɗai ba, da yawanmu marubutan littattafan yaƙi haka muke yi, mun ɗauko yawan daga bori, mun ɗauko biyayyar daga fim, mun zubar da bashin da ke tsakani. Alhali bashin nan shi ne labarin. Bokan da kowane aljani ya ƙaru masa sai wani abu ya ragu a gidansa ya fi ban tsoro, ya fi kama da gaskiya, kuma ya fi zama wa'azi ba tare da marubuci ya hau mumbari ba.

Ita kuwa Kaka, tun kafin a ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, wadda bayanta kiɗan garaya ya ɗauke a fili a yawancin garuruwanmu, ta riga ta fara zuwa Islamiyyar matan aure. Wata rana ta sa aka fitar da akwatin bayan gari aka ƙone kayan. Ta yi wata guda tana jiran abin da zai same ta, ba ta ko son a rufe mata ƙofa da dare. Ba abin da ya faru. A shekarar ce awakinta suka fara kai goma, ta kuma rayu shekaru bayan haka tana sallarta har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙanta Ya gafarta mata.

Yanzu haka ina kan gyaran kashi na biyu na littafin, kuma na bar wa bokan aljannunsa bakwai cif, sai dai wannan karon kowannensu zai zo karɓar nasa. 'Yar'uwata ta Gummi, na gode da gyara kayanka. Allah Ya tsare mu da sharrin mutum da aljan, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.